Darasin aljabara bayan La'asar a Makka: abin da na gani

Wata uku ke nan da na sa ɗiyata, wadda take aji uku na mutawassiɗ, wato ƙaramar sakandare, a darasin ƙarin lissafi da wani malami Bahaushe yake koyarwa a gidansa bayan sallar La'asar a nan Makka. Abin da ya kai mu shi ne babin mu'adala biyu (mu'adala ita ce jimlar lissafi mai nuna cewa ɓangarori biyu daidai suke) masu ɗauke da lambobi biyu da ba a sani ba, waɗanda littafin makaranta yake kira da haruffan Larabci sin da sad. Ta haddace ƙa'idodin tsaf, amma da zarar an sauya lambobin sai ta rikice.

Ranar da na zauna a bayan ajin, Malam bai fara da haruffa ba. Ya ce an sayi kilo 2 na dabino da kilo 1 na shinkafa a kan riyal 50, wani kuma ya sayi kilo 1 na kowanne a kan riyal 30. Sai ya dube ta ya ce, "'Yata, mene ne ya bambanta sayayyar nan biyu?" Ta yi jim, sannan ta ce kilo ɗaya na dabino ne, kuma kuɗinsa riyal 20, shinkafa kuwa ta tashi riyal 10. A nan ne ya shaida mata cewa abin da ta yi da kanta shi ne hazfu, wato debe mu'adala ɗaya daga ɗayar domin a kawar da harafi guda. Daga baya ya warware tambayar ta hanyar ta'awidi, inda ake fitar da ƙimar sad daga mu'adala ta biyu a zuba ta cikin ta farko, amsa kuma ta fito daidai da ta ɗazu. Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya karɓar amsa sai ɗalibi ya mayar da ita cikin mu'adalolin biyu ya tabbatar.

Inda na ga gazawa shi ne zane, wato hanyar da ake zana kowace mu'adala a matsayin layi, inda layukan suka haɗu kuma nan ne amsar. Ya wuce da sauri a kan layuka biyu da ba sa haɗuwa, inda babu amsa ko ɗaya, da layukan da suka hau kan juna, inda amsoshi ba su da iyaka, alhali waɗannan suna cikin babin. Ɗakin ma ya yi wa ɗaliban kaɗan. Na yi masa maganar zanen, ya karɓa da hannu biyu, ya kuma ware masa zaman ranar Asabar, don haka na sake biya mata kuɗin wata mai zuwa.