Sanda ko Bango: Wanne Ya Fi Koyar da Lanƙwasa Ƙugu?

Masu fara ɗaga ƙarfe suna yawan tambaya: da sanda za a koyi lanƙwasa ƙugu, wato sunkuyawa ta hanyar tura ƙugu baya ba tare da baya ya yi doro ba, ko da bango?

Duka kyauta ne. Bango ya fi sauƙi: ka ba shi baya da tazarar santimita 15, ka ɗan sassauta gwiwa, ka tura ɗuwawu baya har su taɓa shi. Sai dai ba ya nuna maka idan bayanka ya yi doro.

Sanda kuwa tana nunawa. Ka riƙe ta a bayanka ta taɓa ƙeya, tsakanin kafaɗu da saman ɗuwawu, sannan ka tura ƙugu baya. Da zarar wuri ɗaya ya rabu da ita, baya ya lanƙwashe, kuma daga nan ciwo ke iya shigowa in an ɗora nauyi. Riƙonta dai yana wahalar da mai taurin kafaɗa.

Mai tsugunawa maimakon tura ƙugu baya, bango ya dace da shi. Mai yin doro, sanda.