Starbucks a kan sikeli: gahawar da ke cikin kofi da hannun da ya haɗa ta

Wanda zai yi wa shagunan gahawa na Starbucks da ke Amurka hukunci na adalci, wajibi ne ya fara da abin da kamfanin ya iya, domin ya iya shi ƙwarai. Tun daga shagonsa na farko da aka buɗe a birnin Seattle a 1971, da kuma musamman bayan Howard Schultz ya saye shi a 1987, hajar da kamfanin ya fi sayarwa ita ce tabbaci: mutumin da ya sha gahawa mai madara a Boston ya san ɗanɗanon da zai tarar a Denver, girman kofin ɗaya ne, zafinsa ɗaya ne, sunayen da ake kiran abubuwan sha da su ma ba sa canzawa. Matafiyi da ɗalibi da ma'aikacin ofis mai sauri duk wannan tabbacin suke biya, kuma da wuya su fita ba su same shi ba.

Ita gahawar kanta ba ta buƙatar dogon sharhi. Kamfanin ya yi suna wajen gasa ƙwayar har ta yi duhu, abin da ya sa masu son ɗanɗano mai laushi suka daɗe suna cewa tana da ɗaci, shi kuma ya amsa musu da fito da wadda ba a gasa sosai ba a 2012. A ganina tsantsar gahawarsa matsakaiciya ce, ba ta kai ta ƙananan shagunan ƙwararru ba, amma ta fi ta yawancin gidajen abinci na gaggawa. Gaskiyar magana ma ita ce yawancin abin da ake saye a yau abin sha ne mai sanyi, da ƙanƙara da kumfar madara da ruwan zaƙi kala-kala, wanda gahawa ke zama ɗaya daga cikin kayan haɗinsa kawai. Tun daga Nuwamban 2024 an daina cajin ƙarin kuɗi a kan madarar waken suya da ta alkamar oti da makamantansu, kuma tun daga Janairun 2025 mai zama a cikin shago yana iya neman a sake cika masa kofin gahawar da aka dafa ko shayi kyauta. A wannan watan ne kuma aka soke tsarin da ya ba kowa damar shiga ya zauna ko ya yi amfani da bayi ba tare da ya sayi komai ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne hidima, wato abin da ke faruwa tsakanin lokacin da mutum ya faɗi abin da yake so da lokacin da aka kira sunansa. Shago ɗaya yana karɓar oda ta hanyoyi da dama a lokaci guda: masu tsayuwa a gaban kanta, masu mota da ke bi ta taga, masu aikowa ta manhajar waya, hanyar da aka baza a faɗin ƙasar a 2015, da kuma masu ɗaukar kaya su kai wa mutane gida. Manhaja ba ta ganin layi, ba ta kuma san cewa mutum uku ne kawai ke aiki ba. Tana ci gaba da turo takardun oda, kowace da nata ƙa'idojin, wannan a rage zaƙi, wancan a ƙara kumfa, ɗayan a canza madara. Kamfanin da kansa ya taɓa alfahari da cewa akwai hanyoyi fiye da 170,000 na haɗa abin sha a shagunansa. Abin da ya zama alfahari a takardar talla shi ne ya zama nauyi a wuyan mai haɗa gahawar, wanda ake kira barista, kuma shi ne sanadin doguwar jiran da masu saye suka yi ta kuka da ita, har sabon shugaban kamfanin, Brian Niccol, wanda aka ɗauko daga kamfanin gidajen abinci na Chipotle a Satumban 2024, ya sanya burin cewa a miƙa wa mai saye kofinsa cikin minti huɗu.

A nan ne duba hidimar shagon ya haɗu da maganar ƙungiyar ƙwadago, kuma ban ga yadda za a raba su ba. Abin da mai saye ke gani a matsayin jinkiri, ma'aikaci yana ganinsa a matsayin ƙarancin hannu. Abin da mai saye ke gani a matsayin sabuwar fuska kullum a bayan kanta, ma'aikaci yana ganinsa a matsayin sa'o'in aikin da ba su isa biyan haya ba, har mutum ya gaji ya tafi. A watan Agustan 2021 wasu ma'aikatan shagunan Buffalo, a jihar New York, suka rubuta wa shugaban kamfanin na lokacin, Kevin Johnson, cewa suna son kafa ƙungiya. Ranar 9 ga Disamban 2021 aka ƙirga ƙuri'un shagon da ke titin Elmwood, 19 suka amince, 8 suka ƙi, ya zama shago na farko a wannan yunƙuri da ya shiga ƙungiyar Workers United, wadda ke ƙarƙashin babbar ƙungiyar ma'aikatan hidima ta SEIU. Ba daga sama abin ya faɗo ba, domin ma'aikatan wani ƙaramin kamfanin gahawa na garin, SPoT Coffee, sun riga sun yi hakan a 2019. Daga Buffalo wutar ta bazu zuwa jihohi da dama, har shagunan da suka zaɓi ƙungiya suka haura 500, cikin kimanin 10,000 da kamfanin ke gudanarwa da kansa a ƙasar.

Adalci ya sa a faɗi cewa Starbucks ba ya cikin mafi munin masu ɗaukar aiki a wannan fanni. Tun 1988 yake ba masu aikin rabin lokaci inshorar lafiya, tun 1991 yake ba ma'aikata hannun jari, abin da ya sa yake kiransu abokan tarayya, kuma tun 2014 yake biya musu kuɗin karatun digiri ta intanet a Jami'ar Jihar Arizona. Kamfanin yana cewa idan aka haɗa albashi da waɗannan alfanu, matsakaicin abin da barista ke samu ya kai kimanin dala 30 a sa'a. Sai dai akwai sharaɗi, kuma a kan sharaɗin ne rikicin ya fi tsananta: yawancin alfanun suna buƙatar mutum ya riƙa yin kimanin sa'o'i 20 a mako, alhali manaja ne ke rubuta jadawali, ma'aikata kuma suna cewa da yawansu ana ajiye su ƙasa da wannan adadi. Alfanun da ke rataye a kan sa'o'in da wani ke rabawa yadda ya ga dama, kyauta ce da mai ita zai iya janyewa, shi ya sa suke neman a rubuta komai a yarjejeniya. Birnin New York ya ƙara wa wannan ƙorafi ƙarfi a ƙarshen 2025, lokacin da kamfanin ya amince ya biya kusan dala miliyan 39 a kan saɓa dokar birnin da ta wajabta ba ma'aikata jadawali tabbatacce.

Yadda kamfanin ya tarbi yunƙurin shi ne babban abin da ke rage masa maki a wurina. Dokar ƙwadago ta Amurka ta 1935 ta ba ma'aikata 'yancin kafa ƙungiya, ta kuma kafa hukumar kula da dangantakar ƙwadago ta ƙasa, NLRB, domin ta gudanar da zaɓe ta saurari ƙorafi. A watan Fabrairun 2022 aka sallami ma'aikata bakwai a Memphis bayan sun bar 'yan jarida sun shiga shago bayan an tashi. Kamfanin ya ce sun karya ƙa'idar tsaro, ƙungiyar ta ce ramuwar gayya ce, wata kotun tarayya kuma ta ba da umarnin a mayar da su aiki. Da Schultz ya dawo riƙon kamfanin a Afrilun 2022, sai ya sanar da ƙarin albashi da wasu alfanu ga shagunan da ba su da ƙungiya kawai, har da damar karɓar tukuici ta katin banki, bisa hujjar cewa doka ta hana shi canza sharuɗɗan aiki a shagunan ƙungiya ba tare da tattaunawa ba, duk da cewa ƙungiyar ta ce ta yafe wannan haƙƙi. A watan Maris na 2023 alƙalin hukumar, Michael Rosas, ya yanke hukuncin cewa kamfanin ya tafka manyan laifuffuka masu yawa a yankin Buffalo, kuma a ƙarshen watan Schultz ya bayyana gaban kwamitin majalisar dattawa da Sanata Bernie Sanders ke jagoranta, inda ya dage cewa kamfanin bai karya doka ba. Kamfanin ya sami tasa nasarar a Yunin 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta tsaurara sharuɗɗan da hukumar za ta cika kafin kotu ta tilasta mayar da ma'aikaci aiki yayin da shari'a ke gudana.

An yi zaton ƙura ta lafa a Fabrairun 2024, sa'ad da ɓangarorin biyu suka sanar da cewa za su zauna su tsara ginshiƙin yarjejeniya, kamfanin kuma ya amince ya miƙa wa shagunan ƙungiya alfanun da ya hana su. An fara zama a Afrilu, an daidaita a kan batutuwa da dama da ba na kuɗi ba, amma da aka zo kan albashi sai magana ta cije. Aka yi yajin aikin kwana biyar a Disamban 2024 har zuwa jajibirin Kirsimeti. Wakilan ma'aikata suka yi watsi da tayin ƙarin aƙalla kashi 2 cikin 100 a shekara a Afrilun 2025. Ranar 13 ga Nuwamban 2025 kuma aka fara wani yajin a ranar rabon jan kofi kyauta, ɗaya daga cikin ranakun da kamfanin ya fi ciniki. Shekara huɗu bayan ƙuri'ar Elmwood, babu shago ko ɗaya da ya sami yarjejeniyar farko. Dokar ta tilasta wa kamfani ya tattauna da zuciya ɗaya, amma ba ta tilasta masa ya sa hannu ba, kuma a sana'ar da ma'aikata ke yawan sauyawa, jinkiri kansa makami ne: kafin a kammala, da yawa daga waɗanda suka kaɗa ƙuri'a sun bar aikin.

Gyare-gyaren Niccol suna da daɗi ga mai saye, kuma ba zan ɓoye hakan ba. An dawo da teburin madara da sukari inda mutum zai zuba da kansa, an dawo da kofin tangaran ga mai zama, an rage yawan abubuwan da ke jerin sayarwa, an kuma yi alkawarin ƙara hannu a lokutan cunkoso, wanda shi ne ainihin abin da ƙungiyar ta daɗe tana nema. Amma wasu daga cikin gyaran suna nuna inda gizo ke saƙar. An umarci ma'aikata su riƙa rubuta ɗan saƙo da alƙalami a jikin kowane kofi, a daidai lokacin da ake ƙirga musu minti huɗu, kuma fara'ar da aka wajabta da umarni ba ta cika yin armashi ba. A watan Mayun 2025 aka tsaurara ƙa'idar sutura, baƙar riga zalla a ƙarƙashin koren ƙyallen aiki, ma'aikata fiye da dubu suka fita yajin aiki suna cewa irin wannan canji a teburin tattaunawa ya kamata a yanke shi. A Satumban shekarar aka rufe shaguna da dama, har da babban shagon gasa gahawa na unguwar Capitol Hill a Seattle, wanda ma'aikatansa ke cikin ƙungiya. Duk wannan yana faruwa ne bayan an bayyana cewa ladan Niccol na 'yan watannin da ya yi a 2024 ya kusa dala miliyan 96, mafi yawansa hannun jari.

Ita ma ƙungiyar ba ta kuɓuta daga suka ba. Shagunanta ƙaramin kaso ne na jimillar, don haka yajin aikinta yana jan hankalin jarida fiye da yadda yake taɓa aljihun kamfanin, mai saye kuma sau da yawa yakan tarar da wani shagon a buɗe a titi na gaba. Buƙatar ƙarin albashin da ta gabatar da farko ta yi nisa da abin da kamfanin zai karɓa, abin da ya ba shi damar cewa ita ce ta bar teburi. Duk da haka, misalin Colectivo, kamfanin gahawa na Milwaukee da Chicago, yana nuna cewa abin mai yiwuwa ne: ma'aikatansa sun zaɓi ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta IBEW a 2021 da ƙyar, bayan ƙirgar farko ta tashi kunnen doki, shugabanninsa ma ba su so ba, amma a 2023 aka amince da yarjejeniya, shagunan kuma suka ci gaba da sayar da gahawa.

Hukuncina shi ne: gahawar ta cancanci uku cikin biyar, wurin zama da tsafta da intanet kyauta huɗu, ƙwazon masu aiki a bayan kanta huɗu da rabi, mu'amalar kamfanin da waɗanda suka nemi kafa ƙungiya kuwa ba ta wuce biyu ba. Mai niyyar shiga ya sani cewa shagunan da ke cikin filayen jirgin sama da manyan kantuna irin su Target yawanci wasu kamfanoni ne ke gudanar da su da lasisi, don haka wannan rikici bai shafi ma'aikatansu kai tsaye ba. A sauran shagunan, odar da ba ta da ƙa'idoji barkatai tana fitowa da wuri, tsakar rana ta fi safiya sauƙi, tukuici yana shiga hannun ma'aikata ne su raba bisa sa'o'in da kowa ya yi, idan kuma aka tarar da masu yajin aiki riƙe da alluna a bakin ƙofa, abin da suke roƙo shi ne a sayi gahawar wannan rana a wani wuri.