Manhajar Ada mai duba alamun ciwo: ta iya tambaya sosai, amma fa ba ta ɗibar jini

Jama'a tunda ana ta tambaya a kan waɗannan manhajoji na AI, wato ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta, da ake cewa wai suna gano cuta, bari in faɗi ra'ayina a kan guda ɗaya da na daɗe ina amfani da ita a wayata, wato Ada. Kyauta ce, tana Play Store tana App Store, wani kamfani ne a Berlin ta ƙasar Jamus ya yi ta, an kafa shi a 2011 amma sai 2016 suka saki manhajar ga kowa da kowa, kuma cikin mutum ukun da suka kafa shi akwai likitar yara mai suna Claire Novorol. Tun farko in faɗa muku matsayata: ina ba da shawarar a sauke ta, amma don ta taimaka maka ka san ko ciwon nan na "bari mu ga gobe" ne ko na "ɗauko Napep yanzu yanzu". Wanda zai sauke ta don ya samu sunan cuta ya wuce kemis ya sayi magani, gara ma ya bar datarsa.

Yadda take aiki ba wuya. Ka yi rajista, ta tambayi shekarunka, namiji ne ko mace, kana shan taba, kana da hawan jini ko ciwon suga, in mace ce ko tana da juna biyu. Sai ka rubuta babban abin da ke damunka, daga nan kuma sai ruwan tambayoyi, ɗaya bayan ɗaya, yaushe ya fara, ina ne daidai yake maka ciwo, yana ƙaruwa in ka ci abinci ko in ka kwanta, akwai amai, akwai jiri, wuyanka yana sanƙarewa, mafi yawansu amsar eh ce ko a'a ko ban sani ba. Wannan zaɓi na "ban sani ba" ya burge ni wallahi, don mutum ba sai ya ƙirƙiri amsa ba. A ƙarshe ta kawo maka jerin cututtukan da ka iya zama su ne, kowanne da bayanin cewa cikin mutum 10 masu irin waɗannan alamun kaza ne ke da wannan, sannan ta ce maka ko ka kula da kanka a gida, ko ka ga likita, ko ka tafi sashen gaggawa. Za ka iya buɗe wa wani ma nasa shafin daban, misali yaro ko tsohuwa a gida.

Tambayoyin nan su ne duk daɗin abin a wajena. Kowa ya san yadda layin ganin likita yake a asibitocin gwamnati namu, ka yanki kati tun da sassafe, in layi ya zo kanka likita ya riga ya gaji da mutane, ya ce "me ke damunka" kai kuma duk ka ruɗe ka ce jikina ne dai ba daɗi, shikenan an rubuta maka gwaji ka fito, sai a bakin get ka tuna ba ka faɗa masa fitsarinka ya canza kala ba. In ka fara bi ta Ada a gida, tambayoyinta suna sa ka tuna abubuwan da ba ka ɗauka da muhimmanci ba, ka isa gaban likita da labarinka a jere, ranar kaza ya fara, da dare ya fi tsanani, na sha parasitamol ya sauka ya dawo. Likita ma yana jin daɗin irin wannan maras lafiyan. Abin da ba ya so shi ne ka shigo kana miƙa masa waya kana cewa ga cutar da nake da ita, rubuta min magani, wannan kam rashin ta ido ne.

Mutane da yawa suna haɗa ta da ChatGPT, manhajar AI ɗin nan da ake hira da ita, alhali ginin nasu ba ɗaya ba ne. Ada likitoci ne suka zauna suka tara mata bayanan cututtuka da alamunsu, ita kuma tana lissafin yiwuwa, duk amsar da ka bayar tana ɗaga wata cuta sama ta sauke wata ƙasa, shi ya sa tambaya ta gaba take danganta da abin da ka amsa a baya. ChatGPT kuwa gwanin zance ne, ya fi daɗin hira nesa ba kusa ba, yana ma jin Hausa daidai gwargwado, amma in ka ba shi rabin labari sau da yawa a kan rabin zai gina maka amsa mai tsawo cikin ƙwarin gwiwa, kuma yakan ƙirƙiri abin da babu. A harkar ciwo ni na fi yarda da mai yawan tambaya a kan mai yawan bayani.

Kuma fa abin ba sabo ba ne kamar yadda ake ta zuzutawa. Tun shekarun 1970 aka yi wani tsarin kwamfuta mai suna MYCIN a jami'ar Stanford ta Amurka, Edward Shortliffe ne ya gina shi, da dokoki wajen 600 irin na "in ka ga kaza da kaza to mai yiwuwa ƙwayar cuta kaza ce", yana ba da shawarar maganin da za a ba mai cutar da ta shiga jini ko sanƙarau. A gwaji ya yi ƙoƙari har ya kamo ƙwararru, amma bai taɓa shiga aikin asibiti na yau da kullum ba. Na kwanan nan ma akwai waɗanda suka yi tashe suka faɗi, kamfanin kwamfuta na IBM sun sayar da sashen lafiya na AI ɗinsu mai suna Watson a 2022 bayan duk alƙawuran da aka yi a kan cutar kansa, manhajar lafiya ta Babylon ta Ingila da har Ruwanda ta yi aiki ita ma ta durƙushe a 2023. Shi ya sa in na ga talla ana cewa AI zai kori likitoci sai in yi dariya kawai.

Batun ko tana gano cutar daidai kuwa, akwai alƙaluma. Wani bincike da ya fito a mujallar likitanci ta BMJ a 2015 ya gwada irin waɗannan manhajoji guda 23, ya gano cewa kashi 34 cikin 100 ne kawai suke sa cutar gaskiya a farkon jeri. A 2020 an sake wani a BMJ Open da misalan marasa lafiya 200, Ada ce ta zo ta ɗaya a cikin manhajojin, tana sa cutar gaskiya cikin ukun farko kusan kashi 70, likitoci kuma kusan kashi 82. To amma a lura, ma'aikatan kamfanin Ada ɗin suna cikin waɗanda suka yi binciken, kuma misalai ne a rubuce a takarda ba mutane masu nishi a gado ba. Ko da an ɗauki alƙaluman yadda suke, cikin 10 akwai 3 da cutarsu ba ta cikin ukun farkon, ba ƙaramin abu ba ne wannan.

Inda take da rauni a wajenmu, na farko harshe. Babu Hausa. Akwai Turanci, Jamusanci, Faransanci, har Swahili sun saka a 2019 tare da jami'ar Muhimbili ta Tanzaniya, wanda ke nuna in an so ana iyawa, amma mu shiru. 'Yan uwanmu na Nijar da suka yi lakwal za su lallaɓa da Faransanci, mu da Turanci, to Inna a ƙauye fa? Sai dai ɗanta ya zauna yana fassara mata, kuma nan ake samun matsala, don ita za ta ce basir ne ko sanyi ne ya kama ta, alhali manhajar so take a warware mata alamun ɗaya bayan ɗaya, in mai fassarar ya yi gaggawa ya danna eh inda ya kamata a ce a'a, sakamakon gaba ɗaya ya karkace. Sannan sai da intanet take aiki, ba ta cin data sosai amma in netwok ya ɗauke ka tsaya.

Babban raunin kuma shi ne zazzaɓi. A nan yankin zazzaɓi da ciwon kai da ciwon gaɓoɓi da kasala na iya zama maleriya, na iya zama taifot, lokacin zafi na iya zama farkon sanƙarau, da rani kuma ga Lassa a wasu jihohin, duk farkonsu kama suke da juna, likita ma da idonsa ba ya rabe su sai da gwaji. Babu wata tambaya da waya za ta yi maka ta maye gurbin ɗigon jinin nan da ake sa wa a ɗan gwajin maleriya na RDT wanda cikin minti 15 zuwa 20 ya ba da amsa. Ba ta auna hawan jini, ba ta sa abin sauraro a ƙirji, ba ta ganin idon yaro ya yi fari ko ya yi ɗorawa. Su ma kansu masu manhajar sun rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba madadin likita ba ce, mutane ne dai ba sa karantawa. Tsorona shi ne mu da muka riga muka saba da zuwa kemis a haɗa mana "maleriya da taifot" ba gwaji, yanzu a ƙara samun hujjar cewa ai waya ma ta faɗa.

Akwai kuma lokutan da ba a buɗe ta ma sam. Yaro na jijjiga, mai ciki na zubar jini, baki ya karkace ko hannu ya saki, numfashi na sarƙewa, maciji ya sari mutum, wannan asibiti ne kai tsaye, ba zaman amsa tambayoyi.

Wani ɗan abu kuma, bayanan lafiyarka kake zuba wa kamfani, don haka in ciwon na sirri ne ka ɗan duba ka'idojinsu kafin ka danna yarda, kuma in wayar ta gida ce kowa na ɗauka to a sa mata makulli, don tarihin duk abin da ka bincika yana nan a ajiye a ciki.

In maki zan bayar, 7 cikin 10. Ɗaliban likitanci da nas-nas da ma'aikatan asibitin sha-ka-tafi za su fi kowa morar ta, don tana tuna wa mutum cututtukan da bai kawo a ransa ba. In sun saka Hausa, musamman da murya don waɗanda ba sa karatun boko, zan ƙara mata ɗaya.