Puwar mai garas-garas ko mai laushi: wadda ta dace a saya a Yamai

Wanda ya tsaya gaban teburin masu sayar da kayan marmari a Yamai, ko a Babbar Kasuwa ko a bakin titunan unguwar Filato, yakan tarar da puwar (ɗan itacen da ake kira poire da Faransanci, pear da Ingilishi) iri biyu a jere kusa da tuffa, kuma sau da yawa mai sayarwa ba ya bambanta su sai a farashi. Bambancinsu kuwa ya wuce na kuɗi, domin laushin da ke nuna cewa ɗaya ta isa ci, shi ne ke nuna cewa ɗayar ta fara lalacewa.

Iri na farko na Asiya ne, wanda ake nomawa a Sin da Japan da Koriya. Yawancinta kewayayya ce kamar tuffa, ɓawonta ruwan ɗorawa ne ko ƙasa-ƙasa mai ɗigo-ɗigo, kuma takan zo cikin ƴar farar ragar soso saboda ba ta jure gogayya. Daga cikin sanannun irinta akwai Hosui da Nijisseiki na Japan, sai Ya Li ta Sin wadda take da ɗan wuya. Ita wannan a bishiya take nuna kafin a tsinke ta, saboda haka ajiya ba ta ƙara mata zaƙi ko kaɗan. Idan aka gatsa ta, garas-garas ake ji, ruwa kuma ya cika baki, zaƙinta mai sauƙi ne wanda ba ya gundura. Duk wanda ya ajiye ta yana jiran ta yi laushi, ruɓewarta yake jira.

Iri na biyu na Turai ne, mai dogon wuya da faɗin gindi, irin su Williams da Conference da Packham da Forelle mai jan kumatu. Ɗanya ake tsinke ta da gangan, sai daga baya ta nuna a hannun mai saye, kuma daga ciki take fara nuna zuwa waje. Dalilin ke nan da ya sa ba a latsa cikinta don gwadawa. Ana ɗan danna wuyanta ne da babban yatsa kusa da tsinken da ke kanta, idan ya ɗan lotsa to ta isa ci. Wanda ya jira har jikinta duka ya yi laushi zai tarar da tsakiyarta ta yi baƙi. Ta fi ta Asiya ƙamshi nesa ba kusa ba, kuma ita ta fi dacewa da tsofaffi masu raunin haƙora da ƙananan yara.

A ganina, ga mazaunin Yamai, ta Asiya ta fi aminci, domin abin da mutum ya gani shi zai ci, ba sai ya yi kirdadon ranar nunarta ba. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ta Turai kan tsallake daga ɗanya zuwa ruɓaɓɓiya cikin ƙanƙanin lokaci, har mai ita ya rasa ranar da ya kamata ya ci ta.

Wajen zaɓe, a ɗauki ta Asiya a hannu a ji nauyinta, domin nauyi alamar ruwa ce. A zare ragar a duba ko'ina, saboda a ƙarƙashinta tabo kan ɓuya. Wadda ta yi tamoji kusa da tsinke ko ta lotsa a wani gefe, a bar ta ko da an rage kuɗi. Yana da kyau kuma a roƙi mai sayarwa ya nuna kwalin da ta zo ciki, don a ga ƙasar da ta fito. Afirka ta Kudu na girbin puwar ne daga Janairu zuwa wajajen Afrilu, Sin da ƙasashen Turai kuwa daga Agusta zuwa Oktoba. Ke nan puwar Sin da aka gani a watan Mayu ta yi watanni a ɗakin sanyi, sannan ta sha doguwar tafiya daga tashar jiragen ruwa, tafiyar da ta ƙara tsawo tun 2023 da kaya da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso.

Game da ajiya, ta Asiya firigo take so tun ranar da aka kawo ta gida, a cikin leda mai ƴan huji, a aljihun kayan lambu, inda takan yi makonni ba ta canza ba. A nisanta ta da ayaba da mangwaro da tuffa, domin suna fitar da wata iska mai gaggauta nuna. Ta Turai kuwa a bar ta a inuwa har wuyanta ya lotsa, sannan a sa ta a sanyi a ci cikin kwana biyu ko uku. Gidan da wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, ko babu firigo sam, gara a sayi ta yau da gobe kawai maimakon kilo guda.

Ta Asiya ta fi daɗi da sanyinta, musamman wajen buɗa-baki. A wanke ta sosai, a yanka gida huɗu, a cire tsakiyar mai ƴaƴa da tsakuwa-tsakuwa. Idan ɓawon mai kaushi ne a fere shi. In za a ajiye wa wani yankakkiya, a matsa mata ruwan lemun tsami kaɗan don kada ta dafe kafin a kai ta faranti.