Tsarin shafin intanet: abin da maza suka fi so da abin da mata suka fi so

Hajiya, kin tambaya ko shafin da za ki buɗe don sayar da atamfa da shadda yana bukatar tsari na daban saboda mata ne za su fi shigarsa, ko kuwa abin da ya yi wa namiji ya yi wa mace.

A 2006, Gloria Moss da abokan aikinta na tsohuwar Jami'ar Glamorgan ta Birtaniya sun jera shafuka 60 da ɗalibai suka tsara wa kansu, 30 na maza, 30 na mata. Shafukan maza sun fi karkata ga miƙaƙƙun layuka da launuka kaɗan da harshe irin na ofis, yayin da na mata suka fi yawan launi da siffofi masu lanƙwasa da magana cikin sakin jiki. An kuma lura cewa kowane ɓangare ya fi yaba aikin jinsinsa.

Sai dai ɗalibai 60 na ƙasa guda ba su isa a yanke wa duniya hukunci da su ba. A 2014, Katharina Reinecke da Krzysztof Gajos sun auna ra'ayin mutane kusan 40,000 daga ƙasashe da dama, inda suka tabbatar cewa mata sun fi maza son shafi mai yawan launi, amma shekaru da ƙasa da zurfin karatu su ma suna sauya abin da ido ke so. A ganina, dattijuwa da jikarta za su iya saɓawa fiye da mata da mijinta, don haka masu shafe komai da ruwan hoda da sunan jawo mata ragwanci kawai suke yi.

Bambancin da ba na ra'ayi ba shi ne na yadda ido ke ganin launi. Cikin mutanen da asalinsu arewacin Turai ne, kusan namiji 1 cikin 12 ba ya rarrabe ja da kore sosai, alhali a mata kusan 1 ce cikin 200, domin matsalar tana bin ƙwayar gado ta X, wadda namiji ke da guda ɗaya, mace kuwa biyu.

Tunda angwaye ma za su shigo neman kayan lefe, kada ki nuna "akwai" da kore, "ya ƙare" da ja, ki tsaya nan. Ki rubuta kalmomin ƙarara, ki kuma sa sunan launin kowane turmi a ƙarƙashin hotonsa.