Fisiyoloji zalla ko haɗa shi da famakoloji

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya ko ka tsaya a kan fisiyoloji zalla a jami'a ko ka haɗa shi da famakoloji; shawarata ita ce ka haɗa su, domin na farkon yana koya maka yadda zuciya da ƙoda da jijiyoyi suke aiki, na biyun kuma yana nuna maka abin da magani yake yi wa wannan aikin idan ya shiga jiki.

Ni fisiyoloji na karanta a digirin farko, sannan na yi digiri na biyu a famakoloji, kuma a nan ne karatun ya fara yi mini daɗi. Ba zan manta ranar da malaminmu ya rataye ɗan yankin hanjin zomo a cikin ruwan gwaji ba. Ya ɗiga masa asetilkolin, sinadarin da jijiyoyi ke aika saƙo da shi, hanjin ya tsuke nan take, sannan ya zuba atirofin, maganin da ke toshe aikin asetilkolin, ya sake ɗiga asetilkolin ɗin, amma hanjin ko gezau. Abin da muka daɗe muna haddacewa a takarda sai ga shi a gaban idonmu, kuma mu da muka fito daga fisiyoloji ba mu sha wahalar gane dalilinsa ba. Shi kansa James Black, wanda ya samar da maganin zuciya na propranolol ya kuma karɓi kyautar Nobel a 1988, malamin fisiyoloji ne tun da farko.

Fisiyoloji zalla kuwa ba laifi, sai dai da yawa daga cikin abokan karatuna koyarwa a sakandare ko tallar magunguna suka koma bayan bautar ƙasa.

Wasu jami'o'in Birtaniya suna haɗa darussan biyu a digiri ɗaya na shekara 3, amma a Najeriya hanyar da aka fi bi ita ce shekara 4 a fisiyoloji, sannan digiri na biyu a famakoloji. Da wannan haɗin kana iya neman aiki a NAFDAC, ko cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu a Abuja, ko kamfanonin sarrafa magani, ko koyarwa a jami'a. Sai dai ka sani cewa babu ɗaya daga cikin darussan biyu da zai mayar da kai mai harhaɗa magunguna, domin hukumar PCN mai kula da masu harhaɗa magunguna ba ta yi wa kowa rajistar wannan aikin sai wanda ya karanci famasi ya kuma yi shekarar horon aiki.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka yi hattara da masu cewa ka ba su kuɗi su sama maka gurbi ko su sauya maka kwas zuwa likitanci ko famasi. Tun 2017 ta manhajar CAPS ta JAMB ake bayar da gurbi, kuma duk takardar shiga jami'a da ba ta bi ta nan ba, za ta iya hana ka zuwa bautar ƙasa. Ka karɓi fisiyolojin, ka dage ka fita da sakamako mai kyau, sannan ka nemi malamin da yake binciken magunguna ya zama mai duba aikinka na shekarar ƙarshe.