Kolbak na C da bayanan objek: wace hanya ta fi dacewa da aikinka?

Duk wanda ya taɓa haɗa lambar C++ da laburaren C ya san wannan cikas. Idan za ka ba laburaren kolbak, wato fankshin ɗinka da zai kira daga baya, adireshin fankshin kaɗai yake karɓa, kai kuma aikin da kake so a kira yana cikin aji, ba ya iya taɓa komai sai da this, wato manunin objek ɗin da yake aiki a kansa. Kwamfaila ba za ta yarda da manunin memba a wurin ba. Lamda ma, wato fankshin marar suna, tun daga C++11, tana zama manunin fankshin ne kawai idan ba ta ɗauko komai daga waje ba. Shi kuwa std::function ba ya shiga ko kaɗan.

Shawarata ita ce kafin ka zaɓi dabara, ka buɗe fayil ɗin .h na laburaren ka duba ko ya bar gurbin void *, wato manuni marar nau'i da zai dawo maka da shi lokacin kira. Idan kana tsakanin laburare biyu masu aiki iri ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya raba maka gardama.

Inda gurbin yake, aiki ya zo da sauƙi. pthread_create yana karɓar void * a matsayi na huɗu ya miƙa wa zaren aikin. sqlite3_exec ma a na huɗu yake karɓa, ya dawo maka da shi a matsayin farko na kolbak. A libcurl kuma CURLOPT_WRITEDATA ke wannan aiki. Sai ka rubuta ƙaramin fankshin static, ka ba laburaren this, idan kira ya zo ka mayar da manunin nau'insa da static_cast, ka kira aikin na ainihi. Ba ya cin memori, kuma ko objek nawa ne kowanne da nasa.

Sai dai a kula da abu uku. Nau'in da ka zuba shi za ka ɗebo: idan ajin ya gaji iyaye biyu, adireshin na iya gusawa, kuma void * ba ya tuna hakan. Na biyu, kada kuskuren da aka jefa da throw ya ratsa ta cikin lambar C. Kama shi a cikin ƙaramin fankshin ɗin. Na uku shi ya fi ɓarna: objek ya mutu, laburaren bai sani ba, ya kira adireshin da aka riga aka saki. Soke rajistar kolbak ɗin a cikin mai rushe ajin, kuma ka hana kwafa ko matsar da objek ɗin muddin rajistar tana nan.

Akwai laburaren da ba sa miƙa void * kai tsaye, amma suna barin ka rataya shi a jikin abin da suke dawo maka da shi. GLFW yana da glfwSetWindowUserPointer, libuv yana da filin data a kowane handil. A Windows ana tura this ta lpParam na CreateWindowEx, a karɓe shi a WM_NCCREATE, a ajiye da SetWindowLongPtr a GWLP_USERDATA. Lura cewa WM_GETMINMAXINFO kan riga shi isowa, don haka a duba ko manunin fanko ne. Ingancin wannan hanya daidai yake da ta farko.

Wahalar tana wurin waɗanda ba su bar gurbi ba sam: qsort, atexit, signal, da attachInterrupt na Arduino. Nan mutane kan ajiye manunin a ma'ajiyar gama-gari. Yana aiki idan objek ɗaya ne tak, amma ranar da aka ƙirƙiri na biyu zai take na farko ba tare da wani gargaɗi ba. thread_local yana rage haɗarin ga kiran da ke ƙarewa nan take kamar qsort, ba ya amfanar katsewar na'ura. Kafin ka yarda da wannan, nemi ɗan'uwan fankshin ɗin. glibc tana da qsort_r tun siga ta 2.8 a 2008, kodayake jerin abubuwan da yake karɓa ya bambanta da na macOS. A C++ kuwa std::sort ya kashe maganar gaba ɗaya. ESP32 yana da attachInterruptArg. A kan Arduino Uno, inda filoli 2 da 3 ne kawai ke da katsewar waje, jadawali mai gurbi biyu da ƙananan fankshin biyu sun wadatar, kuma ni ban ga aibinsa ba.

Hanya mafi tsada ita ce a ƙera lambar inji a lokacin da manhaja ke gudana, a dasa adireshin objek a cikinta. Haka laburaren ATL na Microsoft ke yi wa tagogi, haka laburaren libffi ke yi. Tana buƙatar memorin da aka yarda a gudanar, abin da iOS da OpenBSD suka takura, ga wahalar bin sawun kuskure. Ta dace da mai gina gada tsakanin harsuna biyu. ctypes na Python a kanta yake tafiya, kuma can ma dole ka riƙe abin da CFUNCTYPE ya ba ka a wani wuri, in ba haka ba mai kwashe shara zai share shi alhali C yana shirin kiransa.